Giram Ɗaya Dala 500: Richard Smalley da Cinikin Bututun Kabon

A farkon shekarun 2000 akwai wani ƙaramin kamfani a birnin Houston na jihar Texas, a Amurka, wanda hajarsa ɗaya ce tak: wani baƙin gari mara nauyi, wanda in ka gan shi cikin kwalba sai ka ce kunkunniya aka kankaro daga rufin madafa. Ana sayar da giram ɗaya a kan dala 500. A lokacin giram ɗin zinariya yana wajen dala 10 ne. Sunan kamfanin Carbon Nanotechnologies, kuma wanda ke shugabantar hukumar daraktocinsa malamin jami'a ne, Richard Smalley, wanda ya ci kyautar Nobel ta ilimin sinadarai a 1996. Shekara bakwai kawai kamfanin ya yi yana cin gashin kansa kafin wani ya haɗiye shi. Irin garin da yake sayarwa kuwa, yau ana yin sa tan dubbai a shekara, kuma ba mamaki akwai ɗan kaɗan a batirin wayar da ke hannun mai karatu. Tsakanin wancan farashi da wannan yalwa akwai labarin abin da kan sami masani idan ya fito daga ɗakin bincike ya shiga neman masu saye.

Kafin mu yi nisa, bari mu san ma'aunin da muke magana a kai. In aka raba mita ɗaya kashi biliyan ɗaya, kowane kashi shi ne nanomita. Kaurin gashin kan mutum yakan kai nanomita 80,000. Fasahar nano ita ce sarrafa abu a wannan ƙanƙanta, inda ake lissafi da ƙwayoyin zarra ɗaya-ɗaya, kuma inda abin da muka saba da shi kan canza hali: launinsa, ƙarfinsa, da yadda lantarki ke bi ta cikinsa.

An haifi Smalley a 1943 a garin Akron na jihar Ohio, ya tashi a Kansas City. Wani abu da ba a cika ambata ba shi ne, bai fara rayuwarsa ta aiki a jami'a ba. Da ya gama digirin farko a Jami'ar Michigan a 1965, kamfanin Shell ya ɗauke shi, ya yi shekaru huɗu a jihar New Jersey yana aikin sinadarai a sashen da ke yin roba. Ya ga yadda masana'anta ke tafiya, ya san cewa abin da ake so a can shi ne buhun yau ya fito daidai da na jiya. Daga nan ya koma karatu, ya yi digirin digirgir a Princeton, ya gama a 1973, ya ɗan zauna a Jami'ar Chicago, sannan a 1976 ya sauka a Jami'ar Rice da ke Houston. Bai sake barin ta ba har mutuwarsa.

A Rice ya gina wata na'ura da ta yi suna. Ana harba hasken leza a kan wani abu mai tauri, ƙwayoyin zarrarsa su tashi kamar tururi, iskar heliyam ta kwashe su da gudu su yi sanyi su dunƙule, sannan a auna nauyin kowane dunƙule. A watan Satumba na 1985 wani Bature ɗan Ingila, Harry Kroto na Jami'ar Sussex, ya zo ya yi amfani da ita. Shi abin da ya dame shi taurari ne. Yana son ganin ko za a iya kwaikwayon yadda dogayen sarƙoƙin kabon ke samuwa a kewayen tsofaffin taurari. Tare da Robert Curl da ɗalibai irin su James Heath da Sean O'Brien, suka harbi girafayit, wato abin da ke cikin fensir. Sai na'urar ta dinga nuna musu wani dunƙule mai ƙwayoyin kabon 60 cif, ya fi kowane yawa. Me zai sa 60 ta fi 59 ko 61 zama daram? Smalley ya zauna da dare a gida da almakashi da takarda, yana yanka siffofi masu kusurwa biyar da masu shida yana liƙawa, har ya sami ƙwallo mai kusurwa 60: masu gefe biyar guda 12, masu gefe shida guda 20. Ɗinkin ƙwallon ƙafa ke nan sak. Suka raɗa mata sunan Buckminster Fuller, maginin nan mai rumfuna masu kama da ƙoƙo, suka buga sakamakon a mujallar Nature a watan Nuwamba na shekarar. Aikin duka bai cika mako biyu ba, kuma shi ya kawo wa Smalley da Curl da Kroto Nobel bayan shekara 11.

Ƙwallon ta yi kyau, sai dai har yau ba ta zama babbar haja ba. Wadda ta ja hankalin ƴan kasuwa ƙanwarta ce. A 1991 Sumio Iijima, mai bincike a kamfanin NEC na Japan, ya bayyana wasu siraran bututu na kabon, kamar an ɗauki tabarma mai saƙar gidan zuma an naɗe ta. Na farko masu bango da yawa ne, bututu cikin bututu. A 1993 Iijima da kuma Donald Bethune na IBM, kowa da nasa aikin, suka samo masu bango ɗaya, waɗanda faɗinsu bai wuce nanomita ɗaya da ɗoriya ba. Lissafi ya nuna abubuwan mamaki. Aka riƙa cewa sun fi ƙarfe ƙarfi sau 100 alhali nauyinsu kashi ɗaya cikin shida ne nasa, wasunsu kuma suna wuce da lantarki fiye da jan ƙarfe. Smalley ya ajiye ƙwallon, ya mai da ɗakin bincikensa gaba ɗaya kan bututu.

Matsalar farko ita ce samu. Masu bincike a duniya suna son su gwada, babu kayan. Ɗakin Smalley ya fito da hanyar yin bututu masu bango ɗaya da leza a cikin tanda a tsakiyar shekarun 1990, kuma da roƙo ya yi yawa, sai aka buɗe wani ɗan shiri a cikin jami'ar mai suna Tubes@Rice, ana sayar wa sauran masana da ɗan abin da aka samu. Cinikin farko ke nan, kuma yana da kyau a lura da su wane ne masu sayen: malaman jami'a ne da ɗakunan binciken manyan kamfanoni, masu sayen giram ɗaya ko rabi da kuɗin tallafin bincike. Irin wannan mai saye ba ya ciniki. Tsabta yake nema, farashi bai dame shi ba, domin giram ɗaya zai ishe shi shekara.

A 1999 ɗakin ya buga wata sabuwar hanya da ake kira HiPco. Ana tura iskar kabon monoksaid cikin wani bututun ƙarfe da matsi mai ƙarfi, sau gommai na matsin iskar da muke shaƙa, a zafin da ya kai wajen digiri 1,000, a fesa mata wani sinadari mai baƙin ƙarfe a ciki. Ƙwayoyin baƙin ƙarfen sukan dunƙule su zama iri, bututun kabon ya tsiro a kansu. Abin da ya bambanta wannan da ta leza shi ne ba ta tsayawa: iska na shiga ta nan, gari na fita ta can, kamar kowace masana'antar sinadarai. Houston kuwa gari ne na man fetur da sinadarai, cike da injiniyoyin da suka san yadda ake ɗaukar abin da aka yi a kwalba a mai da shi na tanki.

Abu biyu suka share wa Smalley hanya zuwa kasuwa, kuma duka biyun gwamnati ce ta yi su. Na farko wata doka ce ta 1980 da ake kira Bayh-Dole, da sunan sanatoci biyun da suka kawo ta. Kafin ita, abin da aka ƙirƙira da kuɗin gwamnatin tarayya galibi na gwamnati ne, kuma takardun mallakarsa sukan kwanta a ofis ba mai taɓa su. Dokar ta ba jami'o'i damar riƙe takardar mallakar ƙirƙirar, su ba kamfani lasisi, su raba riba da malamin da ya yi aikin. Daga nan ne kafa kamfani ba tare da ajiye alli ba ya ƙara yi wa malami a Amurka sauƙi.

Na biyu kuwa Smalley da kansa ya taimaka aka samar da shi. A watan Yuni na 1999 ya bayyana gaban wani kwamiti na majalisar dokokin Amurka. A lokacin an riga an gano yana da ciwon daji, maganin da ake ba shi ya zubar masa da gashi, kuma bai ɓoye ba. Ya nuna wa ƴan majalisa kansa, ya ce musu maganin yanzu kamar makami ne dakushashshe mai kashe mai kyau da mara kyau, fasahar nano ce za ta kawo wanda zai bi cutar ita kaɗai. Mai Nobel da ke fama da ajali yana roƙon kuɗin bincike, wa zai ƙi saurarensa? A Janairun 2000 shugaba Bill Clinton ya je jami'ar Caltech ya sanar da shirin ƙasa na fasahar nano, da kusan dala miliyan 500 a shekarar farko. A Disamban 2003 George W. Bush ya sa hannu a dokar da ta amince da kusan dala biliyan 3.7 na shekara huɗu. Wani hasashe da ya fito daga hukumar kimiyya ta Amurka a 2001 ya ce kasuwar kayan nano za ta kai dala tiriliyan ɗaya zuwa 2015, kuma wannan adadi ya shiga bakin kowa.

A cikin wannan yanayi aka kafa Carbon Nanotechnologies a 2000. Mutum huɗu ne a gaba, kuma kowannensu ya shigo ta ƙofa dabam. Smalley ya riƙe kujerarsa ta farfesa, ya zama shugaban hukumar daraktoci: ƙafa ɗaya a aji, ɗaya a kasuwa. Bob Gower, wanda ya taɓa shugabantar babban kamfanin sinadarai na Lyondell, shi aka ba ragamar gudanarwa. Shi daga kasuwa ya taho. Sauran biyun, Ken Smith da Daniel Colbert, abokan aikin Smalley ne a Rice. Colbert masanin sinadarai ne da sunansa ke kan manyan takardun binciken bututu na shekarun 1990, kuma shi ne ya yi cikakkiyar ƙaura: ya bar jami'a ya zama mataimakin shugaban kamfanin, aikinsa ya koma neman inda za a yi amfani da kayan da ƙulla hulɗa da kamfanonin da za su saya. Daga baya ma ya wuce gaba, ya shiga wani kamfanin masu zuba jari a sababbin sana'o'i mai suna NGEN, ya koma cikin masu yanke hukuncin wane bincike ya cancanci kuɗi.

Wannan aiki na neman kasuwa da ƙulla ciniki, wanda manyan kamfanoni ke ware wa ofis guda, mu ba baƙonmu ba ne. Bafataken da ya koro shanu daga arewa zuwa kasuwannin kudu, ko ya sauka a zangon Kumasi neman goro, ba shi yake bin masu saye ba. Mai gida ke saukar da shi, dillali ke nemo masa abokin ciniki, shi ya san wanda ke biya da wanda ke cin bashi, ya tsaya tsakani har a shafa hannu, ya karɓi la'adarsa. To haka aikin yake a can ma, da bambanci guda mai nauyi. Dillalin shanu ba ya bukatar ya yi wa mahauci bayanin amfanin sa. Wanda ke tallan bututun kabon a 2001 kuwa, sai ya fara ƙirƙiro wa mai saye bukatar, sannan ya shawo kansa cewa wannan baƙin gari ne maganinta, sannan ya jira shi ya gwada. Gwajin sabon sinadari a kamfanin mota ko na lantarki yakan ci shekaru. Duk tsawon wannan lokaci albashi na tafiya.

Kuma tambayoyin da injiniyan masana'anta ke yi ba irin na mujallar Nature ba ne. Masani yakan ɗauki bututu ɗaya, mafi kyau cikin miliyoyi, ya auna ƙarfinsa, ya buga. Mai saye kuwa buhu zai saya, kuma abin da ke cikin buhun gauraye ne. Bututun suna manne wa juna su zama igiyoyi, igiyoyin su cukurkuɗe kamar zaren da kaji suka bi ta kai, in ka zuba su cikin narkakkiyar roba sai su yi gudaji kamar garin da aka zuba wa tafasasshen ruwa ba a dama ba. Gudajin nan maimakon ya ƙarfafa robar, sai ya zama wurin da za ta fara tsagewa. Akwai ragowar baƙin ƙarfen da aka yi iri da shi, wanda cire shi ke lalata wasu bututun. Sannan babbar matsala: yadda tabarmar ta naɗu shi ke yanke halin bututun. Wajen kashi ɗaya cikin uku suna wuce da lantarki kamar waya, kashi biyu kuma rabi-rabi suke yi, irin na silikon. Mai son yin waya yana bukatar na farko zalla, mai son yin ƙwaƙwalwar kwamfuta yana bukatar na biyu zalla, tanda kuma tana fitar da su a haɗe.

Bayan wannan duka ga abokan hamayya, waɗanda ba su da kwarjini amma suna da araha. In kana son roba ta wuce da lantarki, akwai baƙin garin kabon na gargajiya, irin wanda ake zubawa a tayar mota, kilo ɗaya dala ɗaya ko biyu. In ƙarfi kake so, akwai zaren kabon da aka daɗe ana yin sassan jirgin sama da shi. In waya ce, ga jan ƙarfe. A dala 500 kan giram, kilo ɗaya na bututu dala 500,000 ke nan. Kamfanin ya san farashin zai faɗi in aka gina babbar masana'anta, amma ba mai ba da kuɗin gina ta sai an ga babban mai saye, shi kuma babban mai saye ba zai sa hannu ba sai ya ga farashi ya faɗi, kuma ya ga akwai wani mai sayarwa na biyu da zai koma wa in na farko ya rufe.

An yi zaton talabijin ce za ta warware wannan ƙulli. Bakin bututun yana da tsini ƙwarai, in aka sa masa lantarki kaɗan sai ya feso ƙwayoyin lantarki, waɗanda za su iya haska allo siriri. Samsung ya nuna samfurin irin wannan allo tun 1999, Motorola ya nuna nasa a 2005, DuPont kuma ya karɓi lasisi daga kamfanin Smalley saboda wannan aiki. Sai dai kafin a gama gyara shi, allon LCD ya yi araha ya kuma yi girma, masana'antunsa a Koriya ta Kudu da Taiwan da Japan sun ci biliyoyin daloli, ba mai niyyar rushe su. Kasuwar ta rufe tun ba a buɗe ta ba.

A ganina wanda ya fi fahimtar wannan ciniki wani kamfani ne da ba a cika jin sunansa ba, Hyperion Catalysis na jihar Massachusetts, wanda aka kafa tun 1982. Su masu bango da yawa suke yi, waɗanda masana ke ɗauka ƙananan kaya ne, kuma ba sa sayar da gari. Sukan dama shi da kansu cikin roba, su sayar da ƙwayoyin robar, ta yadda mai saye zai zuba a injinsa kamar yadda ya saba. Tun shekarun 1990 kayansu suka shiga bututun man fetur na motoci, domin hana taruwar lantarkin da kan haifar da tartsatsi, da kuma sassan mota na roba da ake son fenti ya kama su. Ba wanda zai ba ka Nobel a kan tiyon fetur, amma ana biya duk wata.

A can kasuwar hannun jari kuwa zazzaɓin nano ya kai ƙololuwa a 2004. Bankin Merrill Lynch ya buɗe ma'aunin hannun jarin kamfanonin nano a watan Afrilu. Kamfanoni suka riƙa liƙa kalmar a sunayensu ko da abin da suke yi bai shafe ta ba. Wani kamfanin California mai suna Nanosys, wanda aka kafa a 2001 da takardun mallaka daga manyan jami'o'i, ya shirya sayar da hannun jarinsa ga jama'a alhali ba shi da wata haja a kasuwa tukuna. A watan Agusta ya janye. Daga nan jikin masu kuɗi ya fara sanyi. Smalley kansa ya ɓata lokaci mai yawa a waɗannan shekaru yana muhawara da Eric Drexler, marubucin da ya yayata tunanin ƙananan injuna masu harhaɗa komai zarra bayan zarra har su haifi kansu. Smalley ya ce ilimin sinadarai bai yarda da haka ba, kuma ya zargi masu wannan ra'ayi da tsorata yara. Gardamar ta ilimi ce, amma ba a rasa lissafin kasuwa a cikinta ba: mai tallan sabon kaya ba ya son jama'a su haɗa sunan kayan da dodo.

Nanosys ɗin nan bai mutu ba, kuma yadda ya rayu ya cancanci a ɗan tsaya a kansa, domin wani reshen nano ne da ya bi wata hanya. Akwai wasu ƙananan duwatsu masu faɗin nanomita biyu zuwa goma da ake kira ɗigon kwantam, waɗanda launin hasken da suke fitarwa ya dogara da girmansu: ƙanana shuɗi ko kore, manya ja. Alexei Ekimov ya gano su cikin gilashi a Leningrad a farkon shekarun 1980, Louis Brus ya gano su cikin ruwan sinadari a Amurka, sannan a 1993 Moungi Bawendi na jami'ar MIT, wanda mahaifinsa ɗan Tunisiya ne, ya fito da hanyar yin su da girma iri ɗaya. Su ukun suka raba Nobel ta 2023. A 2004 wani ɗalibin MIT mai karatun digirin digirgir, Seth Coe-Sullivan, da abokansa suka kafa kamfanin QD Vision. Burinsu na farko sabon allo ne gaba ɗaya, wanda ɗigon ke haskawa da kansu. Abin da suka iya sayarwa a ƙarshe ya fi haka tawali'u: wani siririn bututun gilashi cike da ɗigo, da ake sakawa a gefen allon LCD ɗin da ake da shi don launinsa ya ƙara fitowa. Sony ya sa shi a talabijin a 2013. A shekarar ce kuma fatar ɗigo ta Nanosys ta shiga wata kwamfutar hannu ta Amazon. Wato maimakon su yaƙi LCD kamar yadda masu bututu suka yi niyya, sai suka zama ƴan rakiyarsa. Duk da haka QD Vision bai tsira da kansa ba. Ɗigonsa na ɗauke da kadmiyam, ƙarfe mai guba da dokokin Turai suka taƙaita, Samsung kuma ya zaɓi irin da ba shi da shi, sannan a 2016 ya saye abin da QD Vision ya mallaka.

Mu koma Houston. A shekarunsa na ƙarshe, yana shiga asibiti yana fita, hankalin Smalley ya tafi kan makamashi. Yana yawo yana gabatar da jerin matsaloli goma da za su fuskanci ɗan Adam cikin shekara 50, ya sa makamashi a farko, ruwa na biyu, abinci na uku, yana cewa in aka sami wadataccen makamashi mai araha yawancin sauran za su yi sauƙi. Gudummawar da yake son bayarwa ita ce waya: kebul da aka saƙa da bututun kabon masu wuce da lantarki zalla, mara nauyi, wanda zai ɗauki wuta daga nahiya zuwa nahiya ba tare da asara mai yawa ba. A 2005 hukumar NASA ta ba Rice kwangilar dala miliyan 11 don a yi mita ɗaya na irin wannan waya. Mita ɗaya tak. Wannan kaɗai ya isa ya nuna nisan da ke tsakanin mafarkin da abin da hannu ya iya. Smalley ya rasu ranar 28 ga Oktoba, 2005, a Houston, da sankarar jini, yana da shekara 62.

Ba a cika shekara biyu ba, a 2007, Carbon Nanotechnologies ya narke cikin Unidym, wani reshe na kamfanin Arrowhead Research na California. Abin da aka fi daraja a cinikin tarin takardun mallakar ƙirƙira ne, ba masana'anta ba. Unidym ya gwada yin fata mai wuce da lantarki wadda ake gani ta cikinta, don allon taɓawa, bai yi nisa ba, a 2011 aka sayar da shi ga wani kamfanin Koriya ta Kudu mai suna Wisepower. Ba ƙananan kamfanoni kaɗai suka ƙone hannu ba. Bayer na Jamus ya buɗe masana'antar da za ta iya yin tan 200 a shekara a Leverkusen a 2010, a 2013 ya sanar da cewa ya fita daga harkar, domin manyan kasuwannin da aka yi tsammani ba su bayyana ba. Ga kuma batun lafiya: wani bincike na 2008 a Edinburgh ya nuna dogayen bututu masu bango da yawa suna yi wa ɓeraye irin illar da asbesto ke yi, abin da ya sa kowane mai saye ya ƙara tambayoyi.

Mai sayen da aka yi shekara 20 ana jira ya zo ne daga inda ba a fi sa ido ba. Batirin litiyam yana da wani gari a cikinsa da ke riƙe caji amma ba ya wuce da lantarki sosai, don haka ake gauraya shi da baƙin kabon. Da motoci masu lantarki suka yawaita, masu yin batir suka shiga neman duk wata dabara da za ta rage abin da ba ya riƙe caji. Bututu dogo ne siriri, kaɗan daga cikinsa yakan yi saƙar da baƙin kabon mai yawa zai yi, sai a sami wurin ƙara garin caji. Nan ƙarfinsa da ya fi na ƙarfe bai da wani muhimmanci, haɗuwar nau'o'insa ma ba ta hana aiki ba. Kuma darasin Hyperion ya dawo: yawanci a dame ake sayar da shi, kamar kunu, don masana'antar batir ta zuba kai tsaye.

Waɗanda suka ci wannan kasuwa ba a Texas suke ba. Cnano na ƙasar Sin, wanda ya ɗauki fasaharsa daga Jami'ar Tsinghua, ya shiga kasuwar hannun jari ta Shanghai a 2019. LG Chem na Koriya ta Kudu ya kai ƙarfin masana'antarsa ta Yeosu tan 1,700 a shekara a 2021. Masu bango ɗaya, irin waɗanda Smalley ya ƙwallafa rai a kansu, wani masanin kimiyya na Novosibirsk a Rasha, Mikhail Predtechensky, ya samo hanyar yin su da yawa, kamfaninsu OCSiAl mai hedkwata a Luxembourg ya fara sayar da su wajen 2014 a kan ƴan dubban daloli kowane kilo, wato ƴan daloli kaɗan kan giram. A Rice kuwa ba a yar da maganar waya ba. Matteo Pasquali, wanda ya yi aiki tare da Smalley, ya ci gaba da narkar da bututu cikin asid mai ƙarfi yana kaɗa su kamar auduga, kuma a 2013 shi da kamfanin Teijin suka buga sakamakon zare mai laushi da ke ɗaukar nauyin fitila yana kuma kai mata wuta. Wani ƙaramin kamfani a Houston mai suna DexMat, wanda ya fito daga ɗakin bincikensa, yana sayar da irin wannan zare yanzu, a naɗe a kan ƙwarya, ana auna shi da mita.